Yadda Za Ka Yi wa Karenka Sayayyar Babbar Sallah, Bisa Tsarin Kaumi

Kai mai kare, matso kusa. Ba da kai nake ba, mai karen farauta, kai ma mai karen gadin gona koma bakin aikinka. Da kai nake, wanda karensa ke da sabulun wankansa daban, da tawul, da suna mai nauyi. Sallah ta matso, ka karɓo ɗinkinka, uwargida ta karɓo nata, amma hankalinka ya ƙi kwanciya saboda shi ba a saya masa komai ba. Share hawayenka. Matakai takwas ne, in ka bi su daki-daki na ba ka tabbacin karenka zai yi Sallar da babu karen da ya taɓa yin irinta daga Kazaure har Babura, sunanka kuma zai shiga bakin mutanen unguwa ya zauna daram. An gwada, an ga aiki. Wanda ya gwada ɗin yana nan da ransa, sunansa Kaumi, ma'aikaci ne a wani ofis a cikin gari, kuma da shi za mu riƙa misali.

Mataki na ɗaya: Ka yarda cewa karenka ya san Sallah

Wannan shi ne ginshiƙi. Za ka haɗu da masu ce maka kare bai san bambancin ranar Sallah da ranar Talata ba. Kada ka tsaya musu da su, ba su taɓa fita ko'ina ba.

Kaumi ya fita. An tura shi kwas na wata uku a Abuja, abokan tafiyarsa suka dawo da takardar shaida, shi ya dawo da takardar shaida da wani jibgegen kare mai gashi buzu-buzu, ya raɗa masa suna Sanata. Sunan kuwa ya bi shi, don ban da ci da kwanciya a inuwa babu abin da aka taɓa ganin ya tsinana. Ɓarawo bai taɓa jin muryarsa ba, amma mai tallan gurasa ta sha gudu.

Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, Kaumi na kishingiɗe yana latsa waya, sai ya ci karo da bidiyon mutanen wata ƙasa mai sanyi suna saya wa karnukansu kayan wasa na bikinsu. Abin ya taɓa masa zuciya ƙwarai, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Zulaikha, zo ki ga yadda ake riƙon dabba. Kowane biki da irin kayan wasansa. Mu nan mun bar Sanata kamar maraya."

Tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wane irin maraya, Baban Nafisat? Shi ne fa ya cinye hantar da na ajiye maka jiya."

In taka matar ta faɗi irin wannan, ka yi mata uzuri. Ba ta je kwas ba.

Mataki na biyu: Ka tabbatar akwai amanar wani a gidanka

Kayan wasa ba sa armashi a gidan da babu abin da zai lalace. Kafin ka sayi komai, ka samo wani abu mai daraja wanda ba naka ba, ka ajiye shi kusa da karen.

Kaumi bai sha wahalar nema ba, har gida aka kawo masa. Yana da gwaggo, Hajja Kaka, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi a bayanta lokacin da iyayensa suka taso daga gabas suka sauka Kazaure. Hajjar tata suna ne kawai da ta gada wajen kakarta, ko ƙofar jirgi ba ta taɓa gani ba. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa a wani lungu bayan kasuwa. Shekara tara ke nan da rasuwar mijinta, kuma shekara tara ke nan duk Babbar Sallah tana zaune a tabarma ana shigo mata da nama, tana miƙa hannu biyu tana godiya. Ba raini ba ne, amma abin yana ci mata rai, don ita mace ce da ta saba a ci nata. Bara ta ƙudurta cewa ko sau ɗaya ne kafin ta mutu, sai ta yi layya da guminta, nama ya fita daga gidanta ya shiga gidajen da suka daɗe suna aiko mata.

Ta hau acaɓa ta je Roni, ta sayo wani ramammen ɗan balami da kowa ya ce ba zai kai labari ba. Ta bi shi da dusa, da harawa, da ƙanzo, da tunkuzar gyaɗarta. Ta yi masa wanka, ta cire masa kaska da farcenta. Ya tashi ƙato, fari tas, da kunnuwa dogaye suna reto in yana tafiya. Sai ruwan farko ya zo da iska ya kayar da katangar gidanta, ga shi lokaci ne da raguna ke yin ƙafa. Ta jawo shi har gidan ɗan wanta.

"Kaumi, ga amana. Kana da katanga, kana da ƙofar ƙarfe, ga kuma wannan abin naka mai haushi. Kwana goma ne kawai."

"Haba Gwaggo! Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba. Sanata na nan."

Ta dubi Sanata, Sanata ya dube ta ya yi hamma. Aka ɗaure ragon a gindin darbejiya. Safe da yamma tana zuwa da ƙwaryar dusa ta ba shi da hannunta, don ba ta yarda wani ya san adadin gishirin da yake so ba.

Mataki na uku: Ka nemi shawarar masani, sannan ka yi watsi da ita

Mai ilimi ba ya yin abu da ka. Ka je wajen wanda ya san dabba, ka saurare shi da kyau, don ka san abin da ba za ka yi ba.

Kaumi ya je shagon Nicodemus mai maganin dabbobi, wanda aka haifa a garin nan, kuma babu akuyar da ta yi zawo daga nan har Gwiwa bai san labarinta ba. Ya zayyana masa buƙatarsa. Nicodemus ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, don ya tabbata mutumin da ya sani ne a gabansa.

"Malam Kaumi, karnuka biyu gare ni a gida. Kirsimeti nawa suka gani, ban taɓa saya musu ko balan-balan ba, kuma ba su kai ni ƙara ba. Nan da kwana kaɗan ƙashi zai cika gari. Ka ba shi na cinya guda ɗaya, sai ya kwana uku yana sa maka albarka."

Kaumi ya yi godiya ya fito yana girgiza kai. Ƙashi! Abin da kowane karen bola zai samu kyauta. Ya ji tausayin karnukan Nicodemus, ya kuma ji tausayin garin gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: Ka zaɓi abin da ya dace da lokaci

A nan ake gane gwani. Kowane biki da nasa, kada ka haɗa su ka kunyata karenka a idon tsararrakinsa. Jar hula mai tuntu ta Kirsimeti ce, lokacinta bai yi ba. Kazar roba mai kuka sai Ƙaramar Sallah. Ƙwallo kuwa ta kowa da kowa ce, ba ta nuna ka yi tunani.

Kaumi ya yini yana lalube a waya, har ya faɗa kan wata mai sayar da irin waɗannan kaya a Kano. Yana cikin dubawa sai ga shi: ɗan rago na yadi, an cusa masa auduga, fari tas, da kunnuwa dogaye, in an matsa cikinsa ya yi kuka. Kaumi ya miƙe tsaye.

"Ikon Allah! Kamar an san da mu."

Washegari aka ba direba ya taho da shi. Kaumi ya je tasha da kansa ya karɓa. Direban ya leƙa ledar ya ce, "Na yarinya ne, Alhaji?" Kaumi ya ce na yaro ne, ya wuce.

Sai ka duba lafiyar abin kafin ka miƙa shi, wannan wajibi ne. Kaumi ya sa reza ya cire idanun, don maɓallai ne, kada Sanata ya haɗiye. Ya yanke zaren wuyan, kada ya shaƙe shi. Ya shinshina yadin ko akwai warin magani, ya wanke shi sau biyu ya shanya. Babu haɗarin da bai hango ba, matuƙar haɗarin na Sanata ne.

Mataki na biyar: Ka koya masa yadda ake wasan

Kada ka karaya in ka miƙa masa ya shinshina ya juya maka baya. Haka Sanata ya yi. Manyan karnuka ba sa nuna zumuɗi.

Kaumi ya shiga kicin ya ɗebo romon nama, ya shafa a kunnuwan ɗan ragon. Ya ɗaga shi sama yana kaɗawa, ya ce, "Sanata, kama kunne!" Sanata ya yi tsalle ya cafke, ya yi ta fizga yana gurnani, abin yana kuka a bakinsa. Kaumi ya saka masa da yankan tsire. Aka sake, aka kuma sakewa. Kullum bayan la'asar aikin ke nan a tsakar gida, balamin Hajja Kaka na gindin darbejiya yana tuƙa yana kallo. A kwana na huɗu kunnuwan suka cire, Zulaikha ta ƙi ɗinkawa, Kaumi ya zauna da allura ya mayar da su da kansa, mutumin da maɓallin rigarsa bai taɓa ɗinkawa ba.

Ran nan Zulaikha ta tsaya a ƙofar kicin, ta dubi abin da ke hannunsa, ta dubi gindin bishiya.

"Baban Nafisat, don Allah ka dubi wannan, ka dubi wancan. Ba ka ga komai ba?"

"Na gani mana. Ai shi ne hikimar. Ya dace da lokaci."

"Ni dai gabana faɗuwa yake. Ragon Gwaggo ne fa. Ko ka mayar da wasan nan bayan gida, ko ka bar karen nan a ɗaure har a yi Sallah."

"Ke dai ba ki san kare ba. Irin waɗannan sun fi wasu mutanen hankali. Ya san na gaske, ya san na wasa."

Ta koma kicin ba ta ƙara cewa komai ba. Ka lura da wannan sosai: in mace ta yi shiru, ka ɗauka ta gamsu, zai sauƙaƙa maka sauran matakan.

Mataki na shida: Ka ɗauki hoto

Sayayyar da duniya ba ta gani ba, asara ce. Dole a ga karenka cikin shirin Sallah, a rubuta gaisuwa a ƙasa, abokan kwas su san ba ka koma ƙauyanci ba.

Ranar jajibere bayan azahar, Zulaikha ta tafi kitso. Kaumi ya sa wa Sanata wata 'yar shara mai aiki da ya ba tela ya ɗinka masa. Ya ɗauko ɗan ragon yadi, sai ya ga abin ya gama yawo: kunne ɗaya ya tafi, auduga na leƙowa ta ciki, ya yi dauɗa kamar tsumman goge tukunya. Wannan ba zai shiga hoto ba. Ya ɗaga kai, ga balami fari tas a inuwa, Hajja Kaka ta wanke shi da safe har ta shafa masa lalle a goshi.

Ya kwance sarƙar Sanata, ya ja shi ya zaunar kusa da ragon. Ya ja da baya, ya durƙusa, ya saita waya. Komai ya yi daidai, sai dai Sanata ya kwantar da kai a ƙasa yana lumshe ido, kamar wanda aka tilasta wa zuwa taro. Kaumi ya yi fito, ya tafa, ya kira sunansa, a banza. Ya san kalmomi biyu ne kacal a duniya ke sa karen nan ya miƙe da kuzari, kuma shi kuzarin kawai yake so, na ƙiftawar ido, ya danna ya gama. Ya faɗe su a hankali, kamar mai raɗa.

A yaba wa Sanata, bai yi kuskure ba ko kaɗan. Kwana takwas ana koya masa, ya kuma nuna tsiren bai tafi a banza ba. Tsalle ɗaya ya yi. Ragon ya kurma kuka yana zagaya bishiya da igiya a wuya, karen na rataye a kunnensa na dama. Kaumi ya jefar da waya, ya kama 'yar sharar yana ja yana ihun a saki, amma wannan darasin ba a taɓa yin sa ba. Da ƙyar ya ɓamɓare shi da muciya. Kunnen ya tsage tun daga tsakiya, fiye da rabinsa na reto da 'yar fata, jini ya wanke farin wuyan. Sanata ya koma gefe ya zauna yana kaɗa jela, yana jiran tsirensa.

Mataki na bakwai: Ka nuna cewa abin ƙarami ne

Kada ka rikice. Ka riƙa maimaita wa kanka cewa kunne ne kawai, kuma babu wanda ya taɓa yin layya don ya ci kunne.

Da wannan Kaumi ya tari Nicodemus, wanda ya kira a waya. Nicodemus ya wanke ciwon, ya ɗinke abin da zai ɗinku, ya yanke abin da ya mutu, ya yi allura. Da ya gama ya miƙe yana goge hannu.

"Rago zai rayu, Malam Kaumi. Amma ni da ba na layya, na san wannan sai an tambayi liman. Kai ka fi ni sani."

Kaumi ya sani sarai, tun yana makarantar allo ya sani, so yake kawai a samu wanda zai ce masa ba haka ba ne. Aka kira Malam Muhammadu Lawal, limamin unguwa. Yana cikin duba kunnen sai ga sallamar Hajja Kaka da ƙwaryar dusar yamma. Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba, ta dai ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta zo ta dafa bayan ragon.

Liman ya gwada da yatsa, ya sake gwadawa ko zai samo mata hanya. Ya sunkuyar da kai.

"Hajja, sai haƙuri. Abin da ya tafi ya wuce sulusi nesa. Namansa halal ne, in kin yanka sadaka ce mai lada, amma layya ba ta yi da shi."

Kaumi ya zube a gabanta. "Gwaggo, ki yafe ni. Yanzun nan zan je kara in sayo miki wanda ya fi shi. Wallahi kafin magariba yana gidanki."

Ta dube shi, duban da ta saba yi masa tun yana fitsarin kwance.

"Da ragon wani nake so in yi layya da shi, Kaumi, ai da na daɗe da roƙonka. In ka saya min rago, naman ka aiko min, sai dai wannan karon da ƙafafunsa ya zo."

"To a yanka wannan ɗin, Gwaggo, a raba. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. In aika wa mutane nama suna ce min Allah ya karɓi layya, ina amsawa da amin?"

Ta kwance igiyar da kanta. Kaumi ya miƙa hannu zai taya ta, ta ce ya bari. Ta ja ragonta suka fita, suka bi ta gaban masu shago da masu jiran aski, kowa na kallon ɗaurin da ke kunnen yana tambayar na kusa da shi. Kafin ta isa lungunta labari ya riga ta isa.

Mataki na takwas: Ka kai naman da kanka

An yi Idi, an yi yanka, washegari aka sauke raguna aka shiga rabo. Kaumi ya yi tasa layyar lafiya lau, da rago mai kunnuwa biyu cif. Zulaikha ta ware cinya guda ta sa a faranti ta rufe, ta tura masa gabansa.

"Wannan na Gwaggo ne. Ba zan aiki kowa ba, kuma ni ba ni da idon da zan kalle ta. Kai za ka kai."

Ya ɗauka. Tafiyar ba ta da nisa, amma bai taɓa jin nauyin faranti irin na ranar ba. Ko'ina ƙamshin suya, ko'ina fatu a shanye. Tun daga bakin lungu ya jiyo kukan rago, shi kaɗai ya rage mai kuka a unguwar duka.

Ya same ta a tabarma a tsakar gida. A gefenta ga wasu ƙananan kwanuka sababbi, ko takardar jikinsu ba a ɓare ba, an jera su goma sha huɗu. Ya gane ko na mene ne, don gidajen da ke aiko mata ya san yawansu. A cikin uku ta riga ta juye naman da aka kawo mata, sauran suna kife.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya tura farantin. Ta miƙo hannu biyu ta karɓa, yadda ta yi shekara tara.

"An gode, Allah ya karɓa, Allah ya maimaita mana."

Ya so ta zage shi, ya so ta jefe shi da farantin, da ya fi masa sauƙi. Ta juye cinyar a kwano na huɗu, ta ɗauraye masa farantinsa ta miƙo. Har ya kai zaure ta kira shi.

"Kaumi."

"Na'am, Gwaggo."

"Shi yaron naka, ya dai ji daɗin Sallar ko?"

Ya tsaya a zauren da faranti a hannu, ƙato da shi, yana share ido da hannun babbar riga.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ya yi alƙawarin karenka zai yi Sallah, kuma sunanka zai shiga bakin mutane. Duka biyun sun tabbata a kan Kaumi, ba a cuce shi ba. Abin da ya biyo baya ba ya cikin yarjejeniya. Ba ruwana da kunnen da ya tsage, ba ruwana da matar da ta daina yi maka magana sai da dalili, ba ruwana da masu shagon da ke yin shiru in ka zo wucewa. In kuma kana da tsohuwar da ta goya ka, ta shekara tana tara abu ɗaya da hannunta, ka ɓata mata shi a yini guda don hoto, kada ka zo wajena neman mataki na tara. Babu shi. Kaumi ma ya nema bai samu ba.